Dodon da Ba a Faɗi Asalinsa Ba: Sharhi a Kan Fim ɗin Battle of Britain da Jirgin Heinkel 111

Na san wasu daga cikin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai za su ce me ya haɗa mujallar adabin Hausa da fim ɗin Turawa, balle kuma jirgin yaƙin Jamus. Amsata ita ce, fim wasan kwaikwayo ne, kuma ma'aunin da a ke koya mana a aji, watau jigo da zubi da tsari da salo da taurari, ba a ce sai labarin da aka rubuta da Hausa kaɗai zai hau kansa ba. In har ma'aunin na ƙwarai ne, to ya kamata ya auna hatsin gida ya kuma auna na baƙo. Saboda haka abin da na ke so in yi a nan shi ne in ɗauki fim ɗin nan mai suna Battle of Britain, wanda ya fito a 1969, in dubi tauraro guda ɗaya a cikinsa. Tauraron nan kuwa ba mutum ba ne, jirgin sama ne mai jefa bom, wanda a ke kira Heinkel 111.

Ga wanda bai ga fim ɗin ba, labarinsa shi ne gwabzawar da aka yi a sararin samaniyar Ingila tsakanin watan Yuli da watan Oktoba na 1940, bayan Faransa ta faɗi hannun Hitila. Jamus ta so ta karya mayaƙan saman Ingila tukuna, sa'an nan ta tsallako da sojan ƙasa. Ba ta iya ba. Guy Hamilton ne ya ba da umarni, Harry Saltzman da Benjamin Fisz suka shirya, aka kuma tara manyan 'yan wasan Ingila na zamanin: Laurence Olivier ya fito a matsayin Hugh Dowding, babban kwamandan jiragen tsaron ƙasa, ga Michael Caine, ga Robert Shaw, ga Trevor Howard. Jigon a fili ya ke, watau 'yan kaɗan masu ƙarfin zuciya sun tare masu yawa.

Zan fara da yabo, don fim ɗin ya cancanta. A lokacin da aka yi shi babu kwamfutar da za ta zana jirgi ta sa shi tashi. Galibin abin da mai kallo ya ke gani a sama jiragen gaske ne, da mutane a ciki, suna kutsawa cikin gajimare na gaske, wani jirgin kuma yana biye da su da na'urar ɗaukar hoto. Wurin da ya fi kama ni shi ne gwabzawar ƙarshe, ta ranar 15 ga Satumba, inda aka ɗauke maganar mutane da ƙarar injuna kusan gaba ɗaya, aka bar kiɗan William Walton da jirage suna faɗowa. Olivier ma ya yi abin kirki, don bai mai da Dowding jarumin tatsuniya ba, ya bar shi dattijo mai ƙarancin magana, wanda kullum lissafin matuƙan da suka rage masa ya ke yi. Inda fim ɗin ya yi rauni a wajen zubi shi ne labarin miji da mata da aka cusa, wanda Christopher Plummer da Susannah York suka yi. Duk sa'ad da aka komo kansu sai labari ya tsaya cik, kamar motar da mai ya ƙare mata. Wannan masu sharhi da yawa sun faɗa tun 1969, ba sai na daɗe a kansa ba.

To, mu zo ga tauraron namu. Tun ana rubuta sunayen 'yan wasa a farkon fim aka gabatar da shi. Ga jiragen Heinkel an jera su sahu-sahu iyakar ganin ido, ga matuƙa sun ƙame, ga babban hafsa yana wucewa cikin mota, badujala tana tashi. Daga nan har ƙarshe shi ne fuskar abokin gaba. In an ga inuwarsa mai faɗin fuka-fuki da hancin nan nasa na gilashi, an san mutuwa ta zo. Cikin cikinsa bama-bamai a tsaye su ke, hanci sama, don haka in an sake su sai su fito ta baya suna wuntsilawa kafin su miƙe, fim ɗin kuwa ya nuna wannan sarai. Amma in mun lura, matsayin da aka ba shi matsayin Dodo ne a tatsuniya. Dodo ba shi da uwa ba shi da uba, ba wanda ya ke tambayar garinsu, ko wa ya yi renonsa, ko gidan wa ya ci tuwo kafin ya iso bakin rafi. Fitowa kawai ya ke yi don yaron kirki ya sami abin kashewa. A tatsuniya wannan ba laifi ba ne. A fim ɗin da ya ce tarihi ya ke bayarwa kuwa, ina ganin laifi ne, domin Heinkel 111 yana da asali, kuma asalin nan ya shafi har su masu fim ɗin.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, yarjejeniyar Basai ta 1919 ta hana Jamus mallakar jiragen saman yaƙi. Da Hitila ya hau mulki a 1933 sai aka shiga ƙera su a ɓoye, ana lulluɓa musu rigar farar hula. Wasu tagwaye, Siegfried da Walter Günter, su suka zana wannan jirgi a kamfanin Ernst Heinkel da ke Rostock, a bakin tekun Baltik. Ya fara tashi a watan Fabrairu 1935. A watan Janairu 1936 aka kira 'yan jarida a Balin aka nuna musu shi a matsayin jirgin fasinja mai ɗaukar mutum 10, na kamfanin Lufthansa. Ya kuwa ɗauki fasinjan na ɗan lokaci, amma duk wanda ya dubi ƙuncin cikinsa ya san ba don jin daɗin matafiya aka yi shi ba. Da buƙata ta yi yawa aka gina masa sabuwar ma'aikata a Oranienburg kusa da Balin, aka kuma rarraba aikin ga wasu kamfanoni kamar Arado da Dornier da Junkers. Kafin a daina ƙera shi a Jamus a 1944, an yi fiye da guda 6,000.

Abin da ya fi muhimmanci ga maganata shi ne, jirgin nan haja ne tun kafin ya zama makami a kan Landan. Na farkon da aka ƙera don soja injinsu ba shi da ƙarfi, mayaƙan saman Jamus suka ce ba su so, sai aka sayar wa ƙasar Sin. A 1937 Sinawa suka yi amfani da su a kan Japan, alhali kuwa Japan ta riga ta ƙulla ƙawance da Jamus tun watan Nuwamba 1936. A 1937 ɗin dai Turkiyya ta sayi guda 24. Romaniya ma ta samu, haka Hangare da Balgeriya daga baya. Kada mai karatu ya zaci son kuɗin Heinkel ne kaɗai. Jamus ta Hitila tana fama da ƙarancin kuɗin waje da ƙarancin ma'adinai, sai ta mai da makamai abin musaya. Daga Sin tana son tungistan, wani ƙarfe mai tauri da a ke yin kayan yankan ƙarfe da harsashin huda tanka da shi. Daga Turkiyya tana son kurom, daga Romaniya man fetur, daga Sifen tama. Watau kowane jirgin da ya fita, wani abu ya ke jawowa wanda za a ƙera wasu jiragen da shi ko a zuba musu su tashi.

Ita kanta Ingila ba a bar ta a baya ba a wannan kasuwa. Jirgin Messerschmitt 109 na farko, wanda jikokinsa suka zo suka yi ta kakkaɓo matuƙan Ingila a 1940, da injin Rolls-Royce ya fara tashi a 1935, haka ma na farkon Stuka. Kamfanin Rolls-Royce kuma ya karɓi jirgin Heinkel 70 don ya riƙa gwada injunansa a kai. Shi Heinkel ya sayar wa Japan, ya sayar wa Tarayyar Sobiyet. Ba na cewa fim na awa biyu da 'yan mintoci ya kawo duk wannan. Amma da an ba mu ko da magana ɗaya a bakin wani tauraro, da mai kallo ya gane cewa waɗanda a ke nuna masa suna kashe juna a sama, shekaru biyar kafin nan abokan ciniki ne.

Yanzu ga inda abin ya fi daɗi, ko in ce ya fi ɗaci. Jiragen da muka gani a fim ɗin ba a Jamus aka ƙera su ba. A 1968, sa'ad da aka ɗauki fim, babu Heinkel ƙirar Jamus da za a iya tarawa a tayar. Inda aka same su shi ne Sifen. A 1940 kamfanin CASA na Sifen ya ƙulla yarjejeniya da Heinkel don ya ƙera jirgin a Sabil. Aikin ya yi ta jan ƙafa, na farko bai tashi ba sai a watan Mayu 1945, watau a watan da Jamus ta miƙa wuya. Duk da haka suka ci gaba, har suka ƙera 236, suna kiransa CASA 2.111. Da injunan Jamus ƙirar Jumo suka tsufa, kayan gyara suka ƙare, sai Sifen ta juya ga Ingila, a 1956 ta yi odar injunan Rolls-Royce Merlin, watau ainihin irin injin da ke cikin Spitfire da Hurricane. Su ne guda 32 da masu fim suka aro daga mayaƙan saman Sifen, aka shafe su da fentin Jamus, aka jera su a filin Tablada na Sabil. Su ma “Messerschmitt” ɗin fim ƙirar Sifen ne masu injin Merlin. Mai lura zai gane da ido: injin Jamus a kife ya ke, saboda haka bututun hayaƙinsa a ƙasa su ke, na Merlin kuwa a sama su ke, ga kuma wani ƙaton maƙoƙo na lagireto a ƙarƙashin farfela.

Akwai masu sharhin da su ke tsayawa a nan, su ce fim ɗin ya yi kuskure don hancin injin bai yi daidai ba. Ni wannan bai dame ni ba ko kaɗan. Ɗan wasan da ya fito a matsayin sarki ba sai ya gaji sarauta ba, rawani da alkyabba sun isa. Abin da ya dame ni shi ne yadda Sifen ta sami irin jirgin nan tun farko, da kuma wanda ke mulkinta a ranar da aka ba da aron.

A 1936 Janar Faranko ya yi wa gwamnatin jamhuriyar Sifen tawaye, Hitila ya aika masa da rundunar da a ke kira Kondo, da jirage da matuƙa. A farkon 1937 Heinkel 111 ya isa can, aka laƙaba masa suna Pedro. A Sifen aka fara gwada shi a kan mutane. Ranar 26 ga Afrilu 1937 jiragen Jamus da na Italiya suka yi wa garin Gernika na ƙabilar Bask ruwan bama-bamai ranar kasuwa. Galibin nauyin jiragen Junkers 52 ne suka ɗauka, amma Heinkel 111 na cikinsu. Da yaƙin ya ƙare a 1939 aka bar wa Faranko waɗanda suka rage, daga nan kuma maganar ƙerawa a gida ta taso. To, a 1968 Farankon nan dai shi ke kan mulki, bai mutu ba sai 1975. Zanen da Picasso ya yi na Gernika yana can Amurka, don mai zanen ya ce kada a kai shi Sifen sai 'yanci ya komo, bai kuwa je ba sai 1981. Watau fim ɗin da ya ke murnar an karya mulkin danniya, da jiragen abokin Hitila na ƙarshe da ya rage a Turai aka yi shi, a filinsa, da matuƙansa. Ban ce an zauna an yi sharaɗi ba. Na dai ce wanda ya ari riga ba ya zagin mai ita a bainar jama'a, kuma duk tsawon fim ɗin ba inda aka nuna wa mai kallo abin da jirgin nan ya yi a Sifen.

Wannan shirun ya ɓata wani muhimmin wuri a zubin labarin. Fim ɗin ya nuna cewa jefa wa Landan bom ya faro ne da kuskure: wasu matuƙan Jamus sun ɓata da dare, suka zubar da kayansu ba su san a kan birni su ke ba, Ingila ta rama a kan Balin, Hitila ya fusata ya ce a ƙone Landan. Gaskiya ne bama-bamai sun faɗa a Landan a daren 24 ga Agusta 1940, gaskiya ne an kai wa Balin hari washegari da dare, kuma babban farmaki a kan Landan ya fara ranar 7 ga Satumba. Amma mai kallon da bai san tarihi ba zai tashi da zaton cewa kafin wannan dare jirgin nan filayen jirage da sansanonin soja kaɗai ya sani. Alhali kuwa ban da Gernika, ya ƙone Warso a watan Satumba 1939, ranar 14 ga Mayu 1940 kuma jiragen Heinkel 111 ne suka rushe tsakiyar Rotadam ta ƙasar Holan, mutum kusan 900 suka mutu. Ya riga ya saba da birane. Marubutan fim ɗin sun zaɓi kuskure don kuskure ya fi daɗin wasa, yana ba da juyin labari irin wanda a ke koya mana, inda ƙaramin abu ya ke haifar da babba. Amma daɗin zubi ya sa sun rage wa Dodon nasu laifi ba su sani ba.

Sa'an nan akwai maganar masu ƙerawa. A fim ɗin ba mu ga ma'aikata ko ɗaya ba, ta Jamus ko ta Ingila. Jirage suna faɗowa, gobe kuma ga wasu, kamar daga rijiya a ke ɗebo su. Amma masana tarihi sun nuna cewa a 1940 Ingila ta ƙera jirage kimanin 15,000, Jamus kuwa ba ta kai 11,000 ba. Wannan lissafi yana rage wa jigon “'yan kaɗan a gaban masu yawa” armashi, ina jin shi ya sa ba a matsa masa ba. A yi wa fim ɗin adalci, ya nuna cewa abin da ya fi damun Dowding ƙarancin matuƙa ne ba ƙarancin jirage ba, wannan kuwa haka ya ke. Matuƙa da ma'aikatan jirgi 544 ya rasa a watannin nan.

A ɓangaren Jamus labarin ma'aikata ya fi muni, ko da ya ke muninsa ya zo ne bayan lokacin da fim ɗin ya ɗauka, don haka ba zan ɗora wa Hamilton wannan ba. Na kawo shi ne don mai karatu ya san shi sa'ad da ya ke kallon sahun nan mai ƙyalli da badujala. Daga 1942 kamfanin Heinkel ya zama ɗaya daga cikin na gaba wajen aiki da fursunonin sansanonin gwale-gwale. A Oranienburg an kafa reshen sansanin Sachsenhausen a cikin harabar ma'aikatar, da dubban fursunoni, ko da ya ke a lokacin galibin aikinsu a kan wani jirgin ne, Heinkel 177. A Mielec ta ƙasar Folan, inda a ke yin sassan Heinkel 111, Yahudawa aka sa aikin tilas. A Rostock ma dubban baƙi ne da aka kamo daga ƙasashen da aka ci. Shi Ernst Heinkel, wanda ya shiga jam'iyyar Nazi a 1933, Hitila kuma ya ba shi babbar lambar yabo ta ƙasa a 1938, bayan yaƙi kotun tantance 'yan Nazi ta wanke shi. Kamfaninsa ya koma yin babura da 'yan ƙananan motoci, shi kuma ya mutu a 1958 da sunan gwanin ƙere-ƙere.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu, faɗan Turawa ne a samaniyar Turawa. Jirgin nan ya zo kusa da mu fiye da yadda a ke zato. A lokacin yaƙin, Ingila tana sauke jirage a akwatuna a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su, su taso ta Ikko da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, watau Njamena, su bi ta Sudan har Masar. Jamusawa sun san da wannan hanya. A watan Janairu 1942 Heinkel 111 guda ɗaya, a ƙarƙashin wani Bajamushe mai suna Theo Blaich, ya taso daga kudancin Libiya, ya ratsa Sahara, ya jefa bama-bamai a filin jirgin Fort Lamy, ya ƙone tarin man da aka ajiye. A hanyar komawa mai ya ƙare masa ya sauka a cikin hamada, sai bayan kwanaki aka gano su. Daga Fort Lamy zuwa iyakar Barno kuwa ba wata tafiya ba ce. Kuma mutanen ƙasar nan sun tara kuɗi don sayen jiragen yaƙi, har aka sa wa wata runduna ta Spitfire, mai lamba 91, sunan Nijeriya. Galibin wannan bayan 1940 ne, ban kuma nemi fim ɗin ya kawo shi ba.

Wanda na ke nema a tuna shi ne na Ifni. A 1957 da 1958, shekara goma kacal kafin a shafa musu fentin wasa, jiragen CASA 2.111 na Sifen suna can suna jefa bama-bamai na gaske a kan mayaƙan Maroko da na Sahara waɗanda suka tashi neman korar mulkin mallakar Sifen daga Ifni da Yammacin Sahara. Zanen na Jamus ne, ƙirar ta Sabil ce, waɗanda aka jefa wa kuwa mutanen Afirka ne. Ba wanda ya tara Olivier da Caine ya yi wa wannan fim. Bayan Battle of Britain jiragen sun sake fitowa a fim ɗin Patton na 1970, nan ma da tambarin Jamus, sa'an nan suka koma bakin aikinsu a rundunar Faranko, ba a sallame su ba sai a cikin shekarun 1970. Sifen ta miƙa wa Maroko Ifni a watan Yuni 1969, wata uku kafin a fara nuna fim ɗin a Landan.